Fiton ƙararrawa a Dittisham, mun je da Kawu, ga yadda muka gani

Tun watan Agusta nake cewa zan rubuta wannan aiki bai bari ba sai yau da nake hutu. Masu tambayata a inbos wai ina ne wurin nan da Kawu yake kaɗa ƙararrawa a bakin ruwa cikin bidiyon da na ɗora, to ga amsa gaba ɗaya kowa ya huta. Sunan ƙauyen Dittisham, yana yankin Devon a kudu maso yammacin Ingila, bakin kogin Dart, kamar mil 2 sama da garin Dartmouth. Kuma tun kafin mu yi nisa kar ka je kana karanta sunan yadda aka rubuta shi irin yadda na yi, 'yan garin "Ditsam" suke cewa, sun haɗiye rabin sunan, ni kuwa sau uku ina jan Di-ti-sham wata tsohuwa tana kallona tana murmushi kafin ta gyara min.

Abin da zan yi magana a kai shine fiton da ake yi daga ƙauyen zuwa tsallake, wani wuri da ake kira Greenway. Ƙaramin jirgi ne mai inji, tafiyar ba ta wuce minti 5 ba, amma wallahi ita ce ta fi tsaya mana a rai a duk yawon da muka yi da Kawu sati uku da ya yi a wurinmu.

Bari na fara da abin da ya ɓata min rai don in sauke shi. Hanya. Jama'a hanyar shiga ƙauyen nan ba ta mai hawan jini ba ce. Na kama hayar ƙaramar mota tun sati guda kafin ranar, da na je ɗauka kamfanin suka ce wai ƙananan sun ƙare ga babba sun ƙara min kyauta, ni kuma har da godiya, ban san wuƙa suka miƙo min ta wajen kaifi ba. Daga garin Totnes titi lafiya lau, kana sauka daga babban titin Dartmouth shikenan ka shiga wani lungu mai faɗin mota ɗaya, hagu da dama ganuwar ƙasa ce da shinge ya rufe ta ya fi motar tsawo, ba ka ganin komai sai abin da ke gaban hancinka, in kun yi kiciɓis da wata mota dole ɗaya ya yi ribas har inda aka ɗan faɗaɗa. Na yi ribas ya fi sau biyar, na ƙarshen tarakta ce da tirela, ina ja da baya ƙaya tana karce gefen motar ƙiiii, madam ta dafe kai, Kawu a gaba yana ta hasbunallahu. Da muka wuce yace "ɗan nan, dama Turawan ma suna da hanyar jakuna?" Karcen nan kuwa sai da kamfanin suka cire min kuɗinsa daga kati, motar da ban roƙa ba.

Saboda haka shawara ta farko, in za ka zo ka zo ta ruwa. Akwai jirgin da ke tasowa daga Dartmouth ya kawo ka har kwatar ƙauyen cikin kamar rabin awa, ka bar motarka can hankalinka kwance. In kuma dole sai da mota to ka yi fakin a filin da suke kira Ham ko na cikin gari, kar ka kuskura ka gangara Manor Street da mota, titin a tsaye yake kamar tsani kuma ƙarshensa ruwa ne, ba wurin juyawa na kirki.

To mun gangara da ƙafa. Gidaje ƙanana na dutse, wasu an shafa musu fari wasu ruwan hoda wasu shuɗi, wasu da rufin ciyawa, eh ciyawa, kuma su ne masu tsadar ma. Kana kaiwa ƙasa sai kogi ya buɗe maka gaba ɗaya, jiragen ruwa ƙanana birjik an ɗaɗɗaure a tsakiya, tsallake kuma daji ne kore shar har bakin ruwa. A nan bakin kwatar akwai wata tsohuwar mashaya mai fenti ruwan hoda, Ferry Boat Inn, mutanen wurin FBI suke ce mata, da na gaya ma Kawu ya ɗauka da gaske nake har ya gyara hula. Mu ba shiga za mu yi ba, na ambace ta ne saboda ita ce alama, a gabanta ƙararrawar take.

Ba ofis, ba wani akwatin sayar da tikiti, ba layi da igiya. Ƙararrawar ƙarfe ce a rataye da guntun igiya, in jirgin yana tsallake sai ka kaɗa, mai fito ya ji ya zo. Shikenan tsarin. A ƙasar da sai ka sauke manhaja kafin ka biya kuɗin fakin.

Ni na fara kaɗawa, amma da yake na saba da rayuwar nan ta kar ka dami maƙwabci sai na ɗan taɓa ta a hankali ƙil, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar surukai. Muka tsaya shiru ba abin da ya motsa. Kawu ya kalle ni yace "haka ake kiran mai fito a garinku?" ya miƙa ma madam sandarsa ya kama igiyar nan ya ba ta wuta, ƙararrawa ta amsa har tsallake ta dawo, tsuntsaye suka tashi, wasu Turawa da ke zaune a bakin ruwa suka hau tafi. Ba a yi minti biyu ba muka hango jirgin ya juyo hanci. Wannan shine bidiyon.

A nan ya kamata na faɗi waye Kawu a wannan harka. Mutumin Yauri ne, a bakin Kwara ya tashi, mahaifinsu ya yi fito da kwalekwale shekara da shekaru, saboda haka shi ba baƙon ruwa ba ne, mu ne 'yan kallo. Tun jirgin bai iso ba yake karanta shi, yace duba yadda ya ƙi zuwa kai tsaye, ya hau sama tukuna ya bar ruwa ya gangaro da shi, wannan ya san aikinsa. Kuma haka aka yi, ya zo ya manna jirgin da kwata ko girgiza babu.

Mai fiton mutum ne mai fara'a ba mai yawan surutu ba, fuska duk rana da iska sun gasa ta. Ya riƙe hannun Kawu da kansa ya shigar da shi, ya nuna ma yara inda za su zauna yace kar a miƙe sai an ɗaure jirgi. Sannan ya ƙirga mu da yatsa, ɗaya biyu uku, da ya kai iyakarsa ya ɗaga hannu ya ce ma sauran su yi haƙuri yanzu zai dawo, ga wuri kuwa ana gani a benci da za a matsa mutum uku ma sun shiga. Ba wanda ya yi musu, ba wanda yace ai sauri nake. A dokar ƙasar jirgin da zai ɗauki fasinja sama da 12 sai da wata takardar daban mai tsauri, shi ya sa ƙananan irin wannan ba sa wasa da ƙirga. Na fassara ma Kawu, sai ya yi shiru har muka kai tsakiyar ruwa, can yace "Allah ya jiƙan mutanen Warrah." Hatsarin jirgin nan na 2021 yake nufi, akwai waɗanda ya sani a ciki. Bai ƙara komai ba ni ma ban ƙara ba.

Kuɗin fito 'yan fam kaɗan ne kowane kai, a cikin jirgin ake biya, in ka dubi abin da ake tatsar mutum a wuraren yawon buɗe ido na yankin nan wannan kamar kyauta ne. Wurin zaman yawanci a buɗe yake saboda haka ka zo da rigar sanyi ko da rana ta fito, iskar tsakiyar kogi daban take, mayafin madam saura kaɗan ya tafi Faransa. Mai keken guragu ko wanda gwiwa ta matsa masa sosai zai sha wahalar shiga da fita, ba laifin kowa ba ne, yanayin kwatar ne da ruwan da ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Maganar ruwan da ba ya tsayawa, nan ne Kawu ya ga abin da bai taɓa gani ba duk saninsa da kogi. Dart daga tsaunukan Dartmoor yake gangarowa, amma tun daga Totnes har bakin teku ruwan teku ne ke mulkinsa, sau biyu a yini yana cika ya janye, kamar awa shida yana shigowa awa shida yana fita. Da muka iso da hantsi ruwa ya ja baya, taɓo ne shimfiɗe baƙi ƙirin jirage sun kwanta a gefe ɗaya kamar shanu a makwanta, da muka koma wurin bayan la'asar ruwa ya zo har gindin gidajen bakin kwata, inda muka taka da ƙafa babu shi. Kawu yace a Kwara sai a yi wata da watanni ana jiran abin da wannan ya yi tsakanin walaha da la'asar. Mai fiton ya yi mana bayani cewa cikar ta fi ƙarfi in wata ya tsaya da kuma in ya cika, a irin ranakun bambancin kan wuce mita 4, Kawu ya ƙirga a yatsa yace yau sha biyar ga wata ai, mutumin ya yi dariya yace to ka fi yawancin fasinjojina sani, su sai sun duba waya.

Sai kuma abin dariya, lokacin azahar muka dawo gefen Ham akwai ciyawa shimfiɗe mai kyau ga bishiyoyi, Kawu yace shi da ruwan kogi zai yi alwala ba da na roba ba, na ce Kawu ku bari, yace yaro ni za ka gaya ma kogi. Ya ɗiba ya kai baki zai kurkure, ai sai ga shi ya furzar yana goge harshe da hannun riga, gishiri. Autata ta dinga tsalle tana cewa ango ya sha miya ba tuwo, shi kuma yace in ta ƙara magana ya fasa auren. Mun yi sallarmu a wurin ba wanda ya ko kalle mu sau biyu, sai wani kare da ya zo ya tsaya nesa mai shi ya janye shi yana ba da haƙuri.

Tsallaken, Greenway, gidan hutun marubuciyar nan ce Agatha Christie, ita da mijinta Max Mallowan mai tonon kayan tarihi a Iraƙi suka saye shi a 1938, yanzu yana hannun National Trust, ƙungiyar da ke kula da wuraren tarihi, tun 2000, aka buɗe cikin gidan ga jama'a a 2009. Yawancin masu hawa jirgin can za su. Daga kwata zuwa gidan hawa ne sosai cikin bishiyoyi, Kawu ya huta sau biyu. Shiga da kuɗinta daban kuma ba ta cikin kuɗin fito. Ni abin da ya fi burge ni a ciki ba kayan marubuciyar ba ne, zanen da ke zagaye da bangon ɗakin karatu ne, wani hafsan Amurka ya yi shi lokacin yaƙin duniya na biyu da sojojinsu suka karɓe gidan suna shirin tsallakawa Faransa a 1944, da aka mayar mata da gidan ta ce a bar shi kar a goge. Can baya kuma a zamanin sarauniya Elizabeth ta ɗaya wurin na iyalin Gilbert ne, gidan su Humphrey Gilbert wanda ya je ya kafa tutar Ingila a Newfoundland ta Kanada a 1583, ɗan uwan shahararren matafiyin teku Walter Raleigh ne uwa ɗaya. Har fursunonin Sifen da aka kama a yaƙin ruwa na 1588 an sa su aikin gyaran filin gidan. Wato wannan lungun da kake gani shiru kamar ba a taɓa yin komai a cikinsa ba, daga irinsa aka dinga fita ana cin ƙasashen mutane.

Kuma har mu abin ya taɓa ta wani gefen, don kwalejin sojan ruwa ta Britannia tana nan Dartmouth ƙasa kaɗan, nan Murtala Nyako ya yi horonsa a farkon shekarun 1960 kafin ya zama abin da ya zama. Da na faɗa ma Kawu yace to ashe Baba Mai Mangwaro ya sha wannan gishirin kafin ni.

A tsakiyar kogin akwai wani dutse da aka kafa ma alama, Anchor Stone, mai fiton ya nuna mana yace wai a da nan ake kai matan da suka cika faɗa a ajiye su har su huce. Tatsuniya ce irin ta bakin ruwa, amma na yi kuskuren yin dariya da ƙarfi, madam ta ce in an tashi kai maza masu karɓar babbar mota kyauta a faɗa mata. Can kuma wani baƙin kai ya ɓullo a ruwa yana kallonmu da manyan idanu, Kawu ya miƙe tsaye yace ayu! mai fito yace a zauna a zauna. Ba ayu ba ne, dabbar teku ce da suke kira sil, tana biyo kifi ta shigo kogin. Daga can cikin daji kuma ka ji kukan jirgin ƙasa mai hayaƙi irin na da wanda ke tafiya tsakanin Paignton da Kingswear. Duk a minti 5 fa.

Shi kansa ƙauyen, abin da suke kira farish ne, wato mafi ƙanƙantar yanki a tsarin mulkinsu, kamar ka ce ƙasar dagaci ɗaya, asalinsa yankin da coci ɗaya ke kula da shi ne, daga 1894 aka ba irinsu majalisa tasu ta farar hula. Mutanen cikinsa duka ba su kai 500 ba. Amma sunansa yana cikin kundin ƙidayar dukiya da sarki William ya sa aka yi a 1086, lokacin ƙasar tana ƙarƙashin bishop na Exeter. Cocinsu ta St George tana can sama kan tudu, an sake gina ta aka buɗe a 1333, na leƙa ciki ni kaɗai, akwai mumbari na dutse siriri daga ƙasa ya buɗe a sama an sassaƙa shi an yi masa fenti tun ƙarni na 15, da kwamin ruwan baftisma na jan dutse da ya girmi ginin kansa. A allon sanarwa na karanta abin da majalisar ƙauyen ta tattauna, fakin ne da gyaran hanyar ƙafa da kashin karnuka. Mutanen da suka kai shekara 900 a rubuce kenan.

Sai dai akwai abin da na lura da shi wanda hoto ba ya nunawa. Ka bi titin nan ka duba ƙofofi, gida bayan gida da ɗan akwatin makulli mai lambobi a jikin bango, alamar gidan haya ne na 'yan hutu ko na wani mai kuɗi da ke zaune a Landan yana zuwa sau biyu a shekara. Tsohuwar nan da ta gyara min suna ita ta ce min in ka zo da hunturu da dare ka ƙirga tagogin da ke da wuta za ka sha mamaki, 'ya'yan da aka haifa a garin ba sa iya sayen gida a cikinsa. Abin ya kai har ƙaramar hukumar South Hams ta ninka harajin gida ga masu gida na biyu daga Afrilun 2025. Kawu da na fassara masa yace "to gari ne ko hoton gari?" Ni dai ban da amsa, don mu ma da muka zo kallon muna cikin masu sa abin ya yi tsada.

Abinci, kar ka sa rai da halal a nan, ba shi. Kifi ne da kaguwa, kuma ko kifin ka tambaya don da yawa a Ingila da giya suke kwaɓa fulawar da ake soya shi. Mu da guzurinmu muka je, madam ta yi dambun nama da fanke, muka sayi shayi da askirim kawai. Wani abu kuma ga masu yara, babbar sana'ar yara a kan doguwar gadar jiragen da ke bakin kwata ita ce kamun kaguwa da zare da bokiti, a kama a ƙirga a mayar ruwa, nawa sun nace sai sun yi, to ku sani abin da yawancin yaran ke ɗaurawa a zaren naman alade ne, wata mata da kirkinta ta miƙo ma ɗana nata na yi maza na ce mun gode muna da namu. Kawu ya ɗaura musu guntun fatar kaza ya nuna musu yadda ake jan zaren a hankali ba fizga ba, suka kama tara, yaran Turawan suka dawo gefensa suna leƙe.

Netwok yana zuwa yana ɗaukewa, a bakin kwata ma ya fi ɗaukewa, ka riƙe 'yan tsabar kuɗi a aljihu ko da kati na aiki. Fiton ya fi tafiya daga bazara zuwa kaka lokacin da Greenway ke buɗe, in da hunturu za ka sai ka bincika tukuna, kuma ka tambayi mai fito ƙarfe nawa ne na ƙarshe kafin ka haura, don in ya tashi zagayowa ta mota tafiya ce mai nisa ta Totnes ko ta Dartmouth alhali kana hango motarka da ido.

Maki na, fito 5 cikin 5 ba ragi. Ƙauyen 4. Hanyar mota ba zan ba ta komai ba.

Da za mu tafi muka ga ɗan tebur a ƙofar wani gida, ba kowa a wurin, an jera kwalaben jam da 'ya'yan itace a ƙananan kwali da gwangwanin saka kuɗi. Ashe ƙauyen ya yi suna da wani jan ɗan itace da suke kira fulom, nasu na musamman har sunan garin yake ɗauke da shi, kamar tsada yake amma ya fi ta girma da zaƙi, kwanakinsa kaɗan ne a ƙarshen Yuli zuwa Agusta sai ya wuce, a da gonakinsa sun cika garin ana kaiwa kasuwannin kusa, wasu na cewa wai wani jirgin Jamus ne ya fara kawo irin. Kawu ya tsaya yana waige yana neman mai kaya, na ce Kawu ba mai kaya, ku saka kuɗin a gwangwani ku ɗauka. Ya saka, ya ɗauki kwalba biyu, ya yi taku uku ya dawo ya buɗe gwangwanin ya tabbatar kuɗin sun shiga, sannan ya ɗaga murya ya yi ma ƙofar da ke rufe sallama da Hausa yace an ɗauki biyu an biya. Ɗaya mun shanye da burodi kafin sati, ɗayar ya naɗe ta cikin babbar riga ya tafi da ita Yauri.